Mai Tsaron Turaku a Kurket ɗin Mata: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya fara kallon kurket, idonsa a kan mutum biyu yake tsayawa, mai jifa da mai duka. Sai kallo ya yi nisa yake lura da ta uku, wadda take tsugune a bayan turaku sanye da manyan safar hannu, wadda kuma yawancin ƙwallayen ranar a tafinta suke ƙarewa. A kanta wannan shafi yake. Na fi karkata ga rayuwarta a gasannin cikin gida na Ingila da Ostireliya, domin a can ake ƙera ta, kuma da yawa a can suke ƙare wasansu ba tare da sun taɓa sa rigar ƙasa ba.

Wace ce mai tsaron turaku, kuma mene ne aikinta?

A tsakiyar filin kurket akwai wani miƙaƙƙen tsiri mai tsawon mita 20.12. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, tsayinsu santimita 71, an ɗora musu 'yan guntayen itace biyu a ka. Wannan shi ake kira wiket. Mai jifa tana neman ta rushe shi, mai duka tana kare shi da sandarta tana kuma neman maki. 'Yan wasa 11 ne a ɓangaren da ke jifa, ɗaya daga cikinsu tana tsayawa a bayan turakun da ake jefowa. Ita ce mai tsaron turaku.

Duk ƙwallon da mai duka ta bari ko ta kuskure, ita za ta tare. In ƙwallo ta shafi gefen sanda ta wuce, ita za ta cafe kafin ta taɓa ƙasa, mai duka ta fita. In masu duka suna gudu aka wurgo ƙwallo daga nesa, ita za ta karɓa ta kaɗe guntayen kafin mai gudu ta iso layi. Ban da wannan, ita ce idon kyaftin. Daga inda take tana ganin yadda ƙwallo ke lanƙwasa a iska, da yadda ƙasa ke karɓarta, da inda ƙafar mai duka ke yin rauni, abin da ba wanda ke gani kamarta a duk filin.

Doka ta ba ta wani abu da ba ta ba sauran ba?

Ta ba ta, ta kuma ɗaure ta. A dokokin da ƙungiyar MCC ta filin Lord's a Landan ke kula da su, doka ta 27 ce ta mai tsaro. Ita kaɗai ce a cikin masu tsaron fili aka yarje wa sa safar hannu da kariyar ƙwauri a waje. Safar ma an iyakance ta: ba a yarda da tantani tsakanin yatsu ba sai tsakanin babban yatsa da manuni. Ɗaurin kuwa shi ne dole ta kasance gaba ɗayanta a bayan turaku har sai ƙwallo ta taɓa sanda ko jikin mai duka, ko ta wuce turaku, ko mai duka ta tashi gudu. In zumuɗi ya sa ko bakin safarta ya leƙo gaba, alƙali zai haramta jifan.

Ƙwallon mata tana da nauyin giram 140 zuwa 151, ta maza kuma 155.9 zuwa 163. Bambancin bai kai a ce ta yi taushi ba. Fata ce a kan dunƙulen da ya yi tauri kamar dutse.

Me ya sa wani lokaci take nesa, wani lokaci kuma hancinta kamar zai taɓa turaku?

A nan gwanintar take. In mai jifa mai ƙarfi ce, mai tsaro takan ja da baya taku da dama, ta karɓi ƙwallo daidai ƙugu lokacin da ta fara saukowa. In mai murɗa ƙwallo ce, wadda jifanta ba gudu sai yaudara, sai ta matso ta tsuguna dab da turaku. Kowa ya san wannan a kurket ɗin maza da na mata.

Inda na mata ya fita daban shi ne masu jifa na tsaka-tsaki. Jifa mafi gudu da aka auna wa mace shi ne na Shabnim Ismail ta Afirka ta Kudu, kilomita 132.1 a awa, a gasar Indiya cikin Maris 2024, kuma akasarin masu jifa mata suna ƙasa da haka sosai. Mai duka mai wayo takan fito daga layinta ta tari irin wannan jifa tun bai lanƙwasa ba. Maganinta shi ne mai tsaro ta matso. Da zarar mai duka ta ji numfashin mutum a bayanta, ta san in ta fito ta kuskure, ta fita ke nan. Sai ta maƙale a layi, mai jifa ta samu inda take so. Ba a rubuta wannan taimako a takardar maki, amma masu jifa sun san wanda ya yi musu shi.

Farashinsa kuwa, ƙwallon da ke gudun kusan kilomita 100 a awa za ta sauya hanya taku ɗaya a gabanka, kuma jikin mai duka ya tare maka gani.

Mene ne kaɗe turaku, da har ake ta yaba shi?

In mai duka ta fito daga layinta, wanda ke mita 1.22 a gaban turaku, ta kuskure ƙwallo, mai tsaro ta cafe ta kaɗe guntayen kafin ƙafa ko sanda ta dawo bayan layi, an fitar da ita. Doka ta 39 ke nan. Ana iya yin haka ko da jifan ya bauɗe har alƙali ya ba da makin bauɗiya, amma ba a yi a kan haramtaccen jifa.

Mafi wuya shi ne in ƙwallo ta bi ta bayan ƙafafun mai duka. Mai tsaro takan daina ganinta na ɗan lokaci, dole ta matsa zuwa inda take zaton za ta ɓullo. Wanda yake son ya ga yadda ake yi, ya nemi hoton wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 2017 a Bristol, Ingila da Afirka ta Kudu. Nat Sciver ta Ingila ta yi jifa ya bi bayan ƙafar Trisha Chetty, Sarah Taylor, mai tsaron turakun Ingila, tana dab da turaku, kafin ƙiftawa da bismilla guntaye sun tashi. Na sha maimaita kallon wannan wuri. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne hannunta bai ja baya ba bayan cafka, ƙwallo na shiga safa tana tafiya wajen turke, kamar motsi ɗaya. A wasannin ƙasa da ƙasa na gajeren zango, wato masu zubi 20 (zubi ɗaya jifa shida ne), Taylor ta kaɗe turaku sau 51, cafka kuwa 23 kacal. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna inda ta fi tsayawa.

Da ake cewa gasar cikin gida, me ake nufi?

Wasannin da ake yi tsakanin gundumomi ko jihohi ko ƙungiyoyin birane na ƙasa ɗaya, a ƙarƙashin matakin ƙasa da ƙasa. A Ostireliya akwai WNCL ta jihohi, mai zubi 50, wadda aka fara a kakar 1996 zuwa 1997, sai WBBL mai zubi 20 da ta zo a 2015. Zubi ɗaya jifa shida ne. A Indiya gasar WPL ta fara a 2023.

Ta Ingila ta sha sauyi. Daga 1997 zuwa 2019 gasar gundumomi ce ginshiƙi, inda Kent ta fi kowa ɗaukar kofi. A 2016 aka ƙirƙiro wata gasa ta ƙungiyoyi shida mai zubi 20, ta yi shekara huɗu. A 2020 aka raba ƙasar shiyya takwas, a 2021 gasar The Hundred, mai jifa 100 ga kowane ɓangare, ta shigo. A 2025 kuma aka mayar da al'amarin hannun gundumomi, takwas a matakin farko na ƙwararru: Durham, Essex, Hampshire, Lancashire, Somerset, Surrey, Warwickshire da The Blaze ta Nottinghamshire. Sussex, gundumar da ta reni Sarah Taylor, ba ta samu shiga wannan mataki ba, kuma wannan abu bai yi mini daɗi ba.

Ta ina yarinya take farawa?

Galibi a ƙungiyar unguwa ko a makaranta, sau da yawa a tsakiyar yara maza saboda 'yan mata ba su cika 11 ba. Daga nan sai rukunin 'yan ƙasa da shekara 13, 15 da 17 na gunduma, sai babbar ƙungiya. Taylor, wadda aka haifa a Landan a 1989, ta buga wa babbar ƙungiyar maza ta makarantar Brighton College tare da ƙawarta Holly Colvin, ta kuma shiga babbar ƙungiyar matan Sussex tun tana 'yar makaranta. Alyssa Healy ta Ostireliya ma ta yi wasa da maza a makarantar Barker College da ke Sydney. Ita gidan ta tarar da sana'ar, domin Ian Healy, wanda ya tsare wa Ostireliya turaku a manyan wasanni 119 (wato na Test, masu ɗaukar kwanaki), ɗan'uwan mahaifinta ne.

Da yawa ba zaɓa suka yi ba. Ranar da mai safa ba ta zo ba koci ya ce wa zai gwada, yarinya ɗaya ta ɗaga hannu, shi ke nan.

Me ya sa ake cewa sana'ar jira ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Ƙungiya takan ɗauki masu duka biyar ko shida, masu jifa huɗu ko biyar. In ke ce ta uku a iya jifa a ƙasarku, kina da gurbi. Mai tsaro kuwa ɗaya ce tak, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. In ke ce ta biyu a duk ƙasar, ruwa za ki riƙa kai wa 'yan wasa a fili. Sannan wadda ta kama gurbin ba ta saurin sakinsa, takan yi shekara goma ko fiye.

Dubi jerin Ingila. Lokacin da Taylor ta fara buga wa ƙasa a watan Agustan 2006, tana da shekara 17, Jane Smit ce ke riƙe da safa, don haka da sanda ta shigo. Da safar ta dawo hannunta ta riƙe har Satumban 2019. A tsakanin nan ta ci Kofin Duniya biyu a 2009, mai zubi 50 a Sydney da mai zubi 20 a Lord's, ta sake ci a 2017. Amy Jones ta Warwickshire ta fara buga wa Ingila tun 2013, gwana ce da za ta samu gurbi a kusan kowace ƙasa, amma sai da ta yi kimanin shekara shida tana shiga tana fita. Damarta babba ta zo a 2018 da Taylor ba ta je gasar duniya ta yankin Karibiyan ba. Jones ta tsare turaku, ta ci maki 53 ba a fitar da ita ba a wasan kusa da na ƙarshe da Indiya.

A Ostireliya ma haka. Healy ta shiga ƙungiyar jihar New South Wales a kakar 2007 zuwa 2008 a matsayin mai duka kawai, saboda Leonie Coleman tana nan. Sai da Coleman ta yi ritaya ta samu safar jiha. Ta ƙasa kuwa raunin da Jodie Fields ta ji ne ya buɗe mata ita a 2010, kuma ba ta zama tata sosai ba sai da Fields ta bar wasan ƙasa a 2014. Daga nan sai ita ma ta zama katanga ga na bayanta. Beth Mooney, wadda ke tsaron turaku a gasar gida, ta yi shekaru tana buga wa ƙasa ba safa a hannu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, duk shekarun jiran nan a gasar cikin gida ake yin su. In gasar tana da ƙarfi tana kuma biya, mai jira za ta ci gaba da wasa hannunta, ranar da aka kira ta a same ta a shirye. In ba ta biya, tana kai shekara 23 ko 24 za ta kama aikin koyarwa ko na ofis, ƙasa ta yi asarar gwana ba ta ma san ta yi ba. Babu wani matsayi a fili da ya dogara da lafiyar gasar gida kamar wannan.

To in hanya ta toshe, me za ta yi?

Wasu sukan ajiye safa. Tammy Beaumont ta Kent a matsayin mai tsaro ta fara buga wa Ingila a 2009. Ta ga babu hanya a nan, ta zuba ƙarfinta a duka, ta zama mai buɗe wasa. A Kofin Duniya na 2017 ta fi kowa maki da 410, aka ba ta kyautar gwarzuwar gasa. A gasar nan ita da Taylor suka haɗa maki 275 a kan Afirka ta Kudu a Bristol, Beaumont 148, Taylor 147.

Wasu sukan yi ƙaura. Labarin da na fi so shi ne na Georgia Redmayne. 'Yar New South Wales ce, wato jihar Healy, don haka ta tattara ta koma tsibirin Tasmania a 2016 inda za ta samu wasa, daga baya ta koma Queensland. Duk wannan tana karatun likita, ta kuma gama ta yi aikin asibiti tana wasa. A watan Maris 2021, a wasan ƙarshe na WNCL a Melbourne, ita ce ta jagoranci Queensland. Ta buɗe duka ta ci 134 ba a fitar da ita ba, sannan ta sa safa ta tsare turaku, Queensland ta doke Victoria ta ɗauki kofin karo na farko a tarihinta. Ranar da ta ɗaga kofin nan ba ta taɓa buga wa Ostireliya wasa ko ɗaya ba. A 2024 kuma ita aka zaɓa gwarzuwar wasan ƙarshe na The Hundred a Lord's, da London Spirit ta ci kofi.

Wasu kuma sukan tsaya a inda suke su zama ginshiƙin ƙungiyarsu. Carla Rudd ta buga wa Sussex da Berkshire, ta tsare wa Southern Vipers turaku tun daga 2016 da suka ci kofin farko, har kofunan 2020 da 2021, ta yi ritaya a 2022 ba ta sa rigar babbar ƙungiyar Ingila ba. Ellie Threlkeld ta Lancashire ita ce mai tsaro kuma kyaftin da suka ci kofin zubi 50 a 2025. Ban yarda a kira irin waɗannan waɗanda ba su kai ba. Sun kai, gurbin ne guda ɗaya.

Dole ne ta iya duka? Tsaro kaɗai bai isa ba?

A da yakan isa. Ana iya ɗaukar mai hannu mai kyau a sa ta ta tara ko ta goma a jerin duka. Yanzu da wuya. Tun da Adam Gilchrist na Ostireliya ya nuna a ɓangaren maza cewa mai tsaro zai iya cin wasa da sanda, masu zaɓe suka ɗaga ma'auni, kuma na mata ya bi sahu. Healy ta ci 170 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 a Christchurch a kan Ingila. Taylor ta bar wasan ƙasa da maki 6,533. Ba ma sabon abu ba ne gaba ɗaya, domin Betty Snowball, mai tsaron Ingila a manyan wasannin mata na farko, ta ci 189 a kan Niyuzilan a 1935.

Ina da ƙorafi a nan. Akwai ƙungiyoyin da ke miƙa safa ga mai duka wadda hannunta bai nuna ba, don a samu gurbin ƙarin mai jifa. A takarda dabara ce. A fili kuwa, cafka ɗaya da aka zubar ta gwanar abokan hamayya tana iya jawo maki 60 ko 70, kuma ba za a rubuta su a sunan wadda ta zubar ba, a kan mai jifa za a ɗora.

Ana cin abinci da wannan sana'a?

Sai kwanan nan. A zamanin gasar gundumomin Ingila 'yan wasa ba albashi suke karɓa ba, dalibai ne da malamai da ma'aikata masu wasa ranar hutu, sau da yawa da kuɗin motarsu. Hukumar kurket ta Ingila ba ta ba 'yan wasan ƙasa cikakken kwantiragi ba sai 2014, mutum 18. Na cikin gida sai ƙarshen 2020 aka ba mutum 41. Daga 2025 aka daidaita mafi ƙarancin albashi da na maza, a lokacin fam 20,000 a shekara ga sabuwar shiga, fam 28,000 ga wadda ta kafu, kuma dole kowace gunduma ta matakin farko ta ɗauki aƙalla mutum 15. A tsadar rayuwar Ingila wannan rufin asiri ne, ba arziki ba.

Manyan kuɗi suna Indiya. A gwanjon farko na WPL a 2023 an sayi Beth Mooney rufi (kuɗin Indiya) miliyan 20, Richa Ghosh, matashiyar mai tsaron Indiya, miliyan 19, Healy miliyan 7. Sai dai ƙungiyoyi biyar ne a gasar, wato safa biyar, kuma masu ƙarfin duka ake nema.

Me aikin ke yi wa jiki?

A wasa mai zubi 50 za ta tsuguna ta miƙe sau 300, ban da jifan da aka maimaita, bayan kowane zubi kuma ta ruga ɗaya ƙarshen. In ita ce mai buɗe duka, tana cire wannan kariya za ta ɗaura waccan. Gwiwa da ƙugu da gadon baya su ke biya. Yatsu kuwa, da wuya ka ga tsohuwar mai tsaro da yatsu goma miƙaƙƙu. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa yarinya shi ne kada ta taɓa nuna wa ƙwallo kan yatsa: ƙasa, sama ko gefe, amma ba gaba ba.

Fuska ma tana cikin haɗari in an matso. A 2012 a Taunton guntun kan turke ya tashi ya soki idon Mark Boucher na Afirka ta Kudu, wasansa ya ƙare a ranar. Daga 2016 hukumar Ingila ta wajabta hular kwano ga duk ƙwararren mai tsaro da zai tsaya dab da turaku. Duk yarinyar da za ta matso, ko a atisaye ne, ta sa hula.

Zuciya fa?

Mai duka in ta yi kuskure takan koma ɗaki ta zauna. Mai tsaro in ta zubar da cafka, tana nan a tsakiyar fili, kuma bayan daƙiƙa 30 wata ƙwallo na tafe. Tana buƙatar ta iya mantuwa nan take, ta kuma ci gaba da ɗaga murya tana ƙarfafa masu jifa alhali cikinta na tafasa.

A 2016, tana kan ganiyarta, Sarah Taylor ta dakatar da wasa, ta fito fili ta ce tana fama da ciwon fargaba, irin wanda ke taso wa mutum har ya kasa numfashi daidai. Ta nemi magani, ta dawo ta ci Kofin Duniya a 2017, hukuma ta riƙa barin ta ta zaɓi tafiyar da za ta iya. A 2019, tana da shekara 30, ta bar wasan ƙasa saboda lafiyarta. Ina girmama wannan fitowa fili kamar yadda nake girmama hannunta. Yarinyar da ke wasa a gunduma yau tana iya gaya wa kocinta cewa ba ta da lafiya a zuci ba tare da jin ta yi abin kunya ba, kuma Taylor na cikin waɗanda suka share wannan hanya.

Mace za ta iya tsare wa maza turaku?

An yi. A watan Oktoban 2015 Taylor ta buga wa Northern Districts a kan Port Adelaide, ta zama mace ta farko da ta shiga matakin farko na gasar ƙungiyoyin maza a Ostireliya. A 2018 Gilchrist da kansa ya ce a lokacin ita ce ta fi kowa iya tsaro a duniya, maza da mata.

Ta yaya mai kallo zai gane ta ƙwarai?

Kada ya dogara da lissafi kawai. Taylor ta fitar da mutum 232 a wasan ƙasa da ƙasa, Healy kuma a 2020 ta wuce MS Dhoni, tsohon mai tsaron ƙungiyar maza ta Indiya, a yawan fitarwa a gajeren zango, kuma waɗannan alƙaluma gaskiya suke faɗa. Amma a gasar gida yawan cafka yana bin irin masu jifan da Allah ya haɗa ki da su. Wadda ke bayan masu jifa marasa kaifi za ta iya yini ba ta samu dama ko ɗaya ba.

Ga abin da nake dubawa. Shin tana tashi tare da ƙwallo bayan ta dira, ko tana riga ta miƙewa? Mai riga ƙwallo tashi ita ce ƙwallo ke bi ta ƙarƙashinta. Ƙafa take fara matsawa ko hannu take miƙawa? Sannan sauti: in ƙwallo ta shiga safar gwana, ƙarar a tausashe take, in ta shiga ta mai taurin hannu sai ka ji kamar an mari allo. A duba kuma makin da aka tsinta saboda ƙwallo ta wuce ta ba wanda ya taɓa, da yadda take gyara mummunar wurgowa daga bakin fili.

Akwai kuma karatun niyya. A Hove a 2013, Jodie Fields ta juya sanda za ta share ƙwallo ta ɓangaren da ba a zata ba. Taylor ta ga hannunta ya juya, ta tashi tun kafin a doki ƙwallon, ta yi tsalle dama ta cafe da hannu ɗaya. Wannan ba a koyonsa sai da dubban ƙwallaye a filayen da ba kyamara.

In ta ajiye safa, sai me?

Yawanci koyarwa, domin wadda ta yi shekara 15 tana kallon kowane jifa daga baya ta san wasan ciki da waje. Taylor ta yi aiki a makarantar Bede's da ke Sussex, a watan Maris 2021 kuma ƙungiyar maza ta Sussex ta ɗauke ta kocin masu tsaron turaku, abin da ba a taɓa ba mace ba a gundumomin maza. A shekarar ta ɗan dawo wasan gida, ta buga wa Northern Diamonds da Welsh Fire. Wasu sukan koma sharhi a rediyo da talabijin, wasu alƙalanci, wasu kuma sana'ar da suka riƙe tun farko.

Yarinya a Nijeriya da ke sha'awa, akwai hanya?

Akwai. Matan Nijeriya sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra cikin Maris 2024, kuma a Janairun 2025 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyuzilan da maki biyu a Kofin Duniya a Maleshiya. Ana wasan a Legas da Abuja da Benin da Kaduna, ta hannun hukumar kurket ta ƙasa da ƙungiyoyin jihohi da makarantu.

Kafin a samu safa ma ana iya farawa. A nemi ƙwallon tanis da bango mai santsi. Ki tsuguna taku uku daga bangon, wata ta tsaya a bayanki ta riƙa jifan bangon ba ki ga hannunta ba, ke kuma ki cafe da hannu biyu, yatsu ƙasa, kai a kan layin ƙwallo. In hannu ya saba, a kafa kujera a gabanki a madadin mai duka, a riƙa jefo ƙwallo ta dira ta bi gefen hagunta da damanta. Cafka 50 kowane ɓangare, kullum da yamma. Ranar da aka koma ƙwallon fata, a fara daga nesa, kuma kada a matso turaku sai da hular kwano a ka.